Kwana Ɗaya A Sabuwar Bussa: Abin Kallo, Abin Tsaraba Da Wurin Hira

Kusan kowace shekara sai wani sashe a makarantar nan ya tara kuɗi, ya ɗauki shatar bas zuwa madatsar ruwa ta Kainji. 'Yan sashen Lantarki suna zuwa, 'yan Gine-gine ma haka. Tsarin tafiyar kuma bai cika canzawa ba: a yi sammako, a isa a gajiye, a zagaya da ɗalibai wurin injuna, a ɗauki hoto in an ba da izini, a juyo gida. Garin da ke kusa da madatsar kuwa, da yawanmu ko sunansa ba mu riƙewa.

Sunansa Sabuwar Bussa, wanda za ku ga an rubuta New Bussa a allon hanya. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Borgu a Jihar Neja, kuma a nan fadar Sarkin Borgu take. A can na yi watanni huɗu na SIWES bayan mun gama shekarar farko, shi ya sa nake so in yi wa 'yan uwana ɗalibai bayani kafin a fara karɓar kuɗin tafiyar bana. Maganata ɗaya ce: abin kallo da abin saye da hirar dare na garin nan duk daga tafkin suka fito, kuma wanda ya gane haka zai ci moriyar kuɗinsa ya dawo gida lafiya.

Yadda aka yi garin ya samu

An fara aikin madatsar Kainji a 1964, zamanin gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Haɗakar kamfanonin Italiya ce ta yi ginin. An tsara wurin injuna 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Da aka tare Kogin Kwara, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300, tsawonsa ya haura kilomita 130, tun daga madatsar har zuwa wajen Yawuri a Jihar Kebbi.

Ruwan nan ba a fili ya zauna ba, a kan gidajen mutane da gonakinsu da maƙabartunsu ya zauna. Fiye da mutum 40,000 aka tasa. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan ɗan yawon bincike Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, tana ƙarƙashin ruwa yanzu. Sabuwar Bussa gari ne da aka zana a takarda, aka gina, sannan aka kwaso mutane aka zuba. In kuka riƙe wannan a rai, abubuwa da yawa da za ku gani za su yi muku ma'ana.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani tun daga gida: garin ba a bakin ruwa yake daidai ba. Tsakaninsa da madatsar akwai 'yar tafiya a mota, haka ma mashigar masunta. Kada wani ya sa rai zai leƙa ta tagar masauki ya hango tafki. Duk inda za ku, sai an yi lissafin abin hawa da lokaci.

Na kira shi garin ɗalibai ne saboda makarantu biyu na tarayya da ke cikinsa: Kwalejin Fasahar Kiwon Kifi da Kwalejin Kula da Namun Daji. Dukansu difloma suke bayarwa, ƙarama da babba, kamar dai mu. Ga kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIFFR, da ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968. Saboda haka za ku tarar da sa'o'inku daga kowane sashe na Najeriya, masu irin aljihunku da irin damuwarku ta jarrabawa.

Abin kallo na farko: gidajen garin

'Yan Gine-gine da 'yan Tsara Birane, wannan naku ne. Wani mai zanen gine-gine ɗan Birtaniya, Robin Atkinson, shi ya tsara gidajen da aka sake tsugunar da mutane a ciki. Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidan gargajiya, wato ɗakuna a kewaye da tsakar gida, amma da bulon siminti da rufi mai lanƙwasa kamar baka. Har yau in kuka shiga tsofaffin unguwanni za ku gan su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da masu gidajen suka yi musu daga baya. Wani ya ƙara ɗaki da laka, wani ya cire rufin ya sa kwano, wani ya fasa bango ya fitar da shago, wani ya ƙara rumbu da turken awaki. Iyali yana ƙaruwa, zanen takarda kuwa ba ya ƙaruwa. Wanda ya zaga unguwa ɗaya ya lura da inda mutane suka karɓi tsarin da inda suka gyara shi, wallahi ya samu abin rubutawa a furojet fiye da abin da zai kwafo daga intanet. Sai dai fa gidajen mutane ne. A yi sallama, a gaida dattawan ƙofar gida, a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Fada da bikin Gani

Borgu tsohuwar ƙasa ce, kuma mutanenta suna danganta asalin sarautarsu da wani mai suna Kisra da ya zo daga gabas. Manyan garuruwanta na tarihi sun haɗa da Bussa da Nikki da Illo. Turawa ne suka raba ta: a 1894 Lugard da Faransawa suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkinta, a 1898 kuma Ingila da Faransa suka shata iyaka. Shi ya sa Nikki take Jamhuriyar Benin a yau, Bussa kuma take Najeriya. A 1991 aka cire yankin Bussa daga Jihar Kwara aka haɗa shi da Jihar Neja. Sarkin Borgu na yanzu, Alhaji Muhammad Sani Haliru Dantoro, ya gaji mahaifinsa Alhaji Haliru Dantoro wanda ya rasu a 2015.

Babban bikin ƙasar shi ne Gani. 'Yan Daura da ke cikinmu ba za su ji sunan baƙo ba, don su ma suna da Sallar Gani. Asalin lokacinsa watan Rabi'ul Awwal ne, amma fada ce ke sanar da ranar da za a yi taron, saboda haka a bincika kafin a tsayar da ranar tafiya. A nan ake ganin hawan dawaki da kwalliyarsu, a ji kakaki da tambura, ƙungiyoyin rawa na ƙabilu daban-daban su fito. Ƙasar ta haɗa Bussawa da Kambari da Gungawa da Lopawa da Fulani, ga Hausawa da Nupawa da Yarabawa da kasuwanci da aikin gwamnati suka kawo. Hausa ce harshen kasuwa, don haka ba za ku rasa abokin magana ba, amma kada ku ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne. Ku tambayi mutum yadda ake gaisuwa da harshensu, za ku ga yadda fuskarsa za ta sake.

Fasahar bakin ruwa

In ana maganar fasaha, mu ɗalibai hankalinmu yakan tafi ga zane da waƙa. A Kainji fasahar da ta fi yawa tana hannun masunta. Ku je mashiga ku kalli yadda kafinta ke haɗa jirgin ruwa da katako da ƙusa, yana toshe tsagar da ke tsakanin alluna don kada ruwa ya shiga, ba zane a gabansa, ba ma'auni sai ido da igiya. Ku kalli mai saƙar raga da mai gyaran ta. Ku tambayi bambancin birgi, wanda ake wurgawa ya buɗe kamar laima, da gura, wadda ake dasawa kifi ya shiga ya kasa fita, da mamari mai jerin ƙugiyoyi a igiya ɗaya. Sarkawa, waɗanda su ya zama gadonsu, za su yi muku bayani in kun zo da ladabi.

Lokacin zuwa shi ne sassafe. Masunta sukan dasa raga da yamma, su ɗebo da asuba, don haka wanda ya zo da rana tsaka ba zai tarar da komai ba sai ƙarni da ƙuda.

Tafkin kansa yana canza kama da lokacin shekara, kuma dalilin yana da daɗin sani. Kogin Kwara yana kawo ambaliya iri biyu. Ta farko ita ce farin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan damina ne na kusa da ke ɗauke da laka. Ta biyu baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso nan da sanyin hunturu. Wato lokacin da muke fama da ƙura da tsagewar leɓe, tafkin Kainji a cike yake. Daga nan sai ya riƙa ja baya har zuwa tsakiyar damina, manoma su bi sawunsa suna shuka a danshin da ya bari. Wanda ke son ganin ruwa a cike, ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu.

Kasuwa da tsaraba

Kada ku zo neman katafaren kanti. Abin da Bussa ta fi mu da shi yana kasuwa da bakin hanya, kuma na farko shi ne kifi. Akwai giwan ruwa da ragon ruwa da ƙarfasa da kurungu da tarwaɗa. Ɗanye ba zai kai muku gida ba, don haka banda ce tsarabarku.

Ga yadda ake duba banda. Ku ɗaga ku ji nauyinta: wadda ta bushe sosai ba ta da nauyi kuma ba ta lotsawa in an danna. Mai danshi tana da nauyi a hannu, amma kwana biyu a jaka za ta yi fumfuna. Ku leƙa wajen kai da ciki, in kun ga gari-gari yana zuba to ƙwari sun riga ku. Ku sansana: ƙamshin hayaƙi ake nema. In kun ji warin kalanzir ko na maganin ƙwari, ku ajiye ku wuce, domin akwai masu fesa wa kifi magani don ya daɗe, kuma guba ce za ku kai wa iyayenku. Sannan ku tambaya ko na tafki ne ko na kiwo. A ƙauyen Monai da ke kusa da garin ana kiwon tarwaɗa sosai a kududdufan da aka haƙa, kuma kifi ne mai kyau, sai dai ɗanɗanonsa da farashinsa daban da na tafki. Ku dai san abin da kuke biya.

Dabarar ɗalibi ita ce haɗa kuɗi. Mutum biyar ko shida su sayi kwali ɗaya su raba, ya fi kowa ya sayi kashi-kashi. A tura mutum biyu masu iya ciniki, sauran su tsaya nesa, don in mai kaya ya ga taron baƙi da rigar makaranta iri ɗaya, farashi ya tashi ke nan. A taya da mutunci. In an ce albarka, a ƙara kaɗan ko a yi godiya a wuce. Mutumin nan a ruwa ya kwana, matarsa kuma ta wuni a gaban hayaƙi.

Bayan kifi akwai doya, don ƙasar Borgu ƙasar doya ce. Akwai man kaɗanya, wanda mata ke haɗawa da hannu, mai kyau ba ya da tsami kuma yana narkewa da zarar an murza a fata. Akwai zuma da daddawa da cukun Fulani, sai dai shi cuku na ci ne a ranar, ba na tafiya ba. Masu son kayan hannu za su samu tabarma da faifai da kwando da ƙwarya. Kasuwannin ƙauyukan bakin tafki, irin su Malale, kowacce da ranar cinta, kuma a ranar ne jirage ke kawo kaya daga tsallake. Matambayi ba ya ɓata, ku tambayi 'yan gari wace kasuwa ke ci ranar da kuke nan. Ku riƙe tsabar kuɗi da canji, kada ku dogara da POS ko turawa ta waya a ƙauye.

Abu ɗaya da ba na saye ba ne: naman daji da fatu. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, yana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000, kuma farauta a cikinsa laifi ne. Duk wanda ya sayi naman gwanki ko na ɓauna a ɓoye, ya biya mafarauci kuɗin komawa ne.

Bayan sallar isha'i

To, ga tambayar da na san wasu ita suke jira: ina ake zuwa da dare? Gaskiya Bussa ba Abuja ba ce. Jihar Neja tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma garin na masarauta ne, kowa ya san kowa. Wanda ya zo da niyyar sheƙe aya zai sha kunya, ya kuma jawo wa makarantarmu baƙin jini.

Amma akwai hira, mai daɗi ma kuwa. Teburin mai shayi shi ne majalisar gari: indomi da ƙwai, burodi, shayi mai kauri, ga musu kan siyasa da farashin mai. Akwai masu tsire da balangu, akwai masu gasa kifi da yaji da albasa, wanda ni a ganina shi ne abincin da ya kamata baƙo ya nema, tunda a gida ba kullum ake samun kifin da aka kamo da safe ba. Ranar da ake buga Firimiya ko gasar zakarun Turai, gidajen kallon ƙwallo sukan cika, kuma a nan ne za ku fi saurin yin abokai. Ku zauna kusa da ɗaliban kwalejojin nan biyu ku ja su da hira. Ɗalibin kiwon kifi zai gaya muku yadda ake ƙyanƙyasar tarwaɗa da abin da buhun abincinta ke ci a jari. Wasunmu da ke tunanin abin yi bayan difloma, hirar awa ɗaya da irin waɗannan tana iya buɗe musu ido.

Za ku iya mamakin ganin an ɗauke wuta a garin da ake samar da ita. Dalilin shi ne injunan ba garin suke ba wa kai tsaye ba. Wutar tana hawa manyan layuka zuwa babban layin ƙasa, wani layin ya nufi Jebba, wani ya nufi Birnin Kebbi, inda daga can ake tura wa Jamhuriyar Nijar. Abin da gari zai samu ya danganta da rabon da kamfanin rarrabawa ya ba shi da lafiyar taransifoma, kamar ko'ina. Ku zo da tocila da abin cajin waya.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Hirar dare a cikin gari take ƙarewa, ba a kai ta bakin ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana zirga-zirgar jiragen fasinja da dare, kuma da dalili. A ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun 1968, in ruwa ya ja baya sukan matso kusa da sama, direba kuma ba ya ganin su a duhu. Iska ma takan taso ba sallama, musamman a farkon damina. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya yi lodi fiye da ƙima ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, mutane da dama suka rasu. In za ku hau jirgi ko da rana ne, ku nemi rigar kariya ku sa, ku duba lodi. In kun ga bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa, ku sauka ku jira na gaba, ko da abokai za su yi muku dariya.

Kada a yi wanka a gefen tafki inda ruwa ke kwance da ciyayi, don nan ne ake kwasar tsargiya. A zo da gidan sauro ko maganin shafawa. Madatsar da sansanin sojan sama da ke Kainji wurare ne na tsaro, ba a ɗaukar hoto sai an ce a ɗauka. Shi kuma gandun daji, a 'yan shekarun nan an sha samun matsalar 'yan bindiga a cikinsa da ƙauyukan da ke kewaye. Kada kowa ya shiga da ra'ayin kansa, kuma kada a yi tafiyar dare a hanyoyin wajen gari. Shugabannin tafiya su tuntuɓi hukumar gandun da jami'an tsaro tun kafin a tashi, in sun ce a dakata, a dakata. 'Yan uwa mata, ku fita a ƙungiya, ku dawo a ƙungiya, kuma kowa ya riƙe lambar malamin da ya rako ku.

Shawara ga masu shirya tafiya

Roƙona ga shugabannin sassa da ƙungiyar ɗalibai shi ne a ƙara kwana ɗaya a kan tsarin da aka saba. A rubuta wa ɗaya daga cikin kwalejojin nan takarda da wuri, a nemi masauki da ɗaliban da za su yi mana jagora. A isa da rana, a ga madatsa. Da yamma a zaga tsofaffin unguwanni, a kai gaisuwa fada in an samu izini. Da dare a ci kifi a yi hira a cikin gari. Da asuba a je mashiga a ga dawowar masunta, a biya kasuwa, a kamo hanya kafin azahar don a iso gida da sauran haske.

Ƙarin kuɗin ba zai wuce na abinci da masauki ba, tunda kuɗin mota, wanda shi ne mai yawan, an riga an biya. Wanda ya san jarrabawa ko aljihu ba za su bar shi ya je bana ba, ya ba abokinsa saƙon banda, amma ya karanta masa yadda ake dubawa tukuna.